Keken da Malam Yake Turawa

Shekara goma sha bakwai maigidana yana da keke, a cikinsu ko sau ɗaya bai hau shi ba. Sunansa Lukuman. Na faɗa sau ɗaya don ku san da wa ake, daga nan Malam kawai za ku riƙa ji a bakina. Malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke kan tudu, can sama da unguwarmu ta Anguwan Rogo. Abin da ya fi ƙwarewa a kai kuwa, don Allah ku ji, shi ne motsi: abin da ke sa abu ya tafi, da abin da ke sa ya tsaya, da abin da ke sa ya faɗi.

Mu ma na gida ba mu tsira ba. In yara suna wasa da gare-gare a ƙofar gida sai ya tare su ya tambaye su me ya sa ba ya faɗuwa sai gudunsa ya ragu, su yi ta kallonsa har ya gaji ya sallame su. In ina sheƙar masara ya tsaya a kaina yana bayanin dalilin da ya sa iska ke kwashe dusa ta bar tsaba. Ran nan guga ya suɓuce mini ya faɗa rijiya. Maimakon ya aro ƙugiya a maƙwabta, sai ya ce da na ƙirga daga sakinsa zuwa ƙarar ruwan, da ya gaya mini zurfin rijiyar. Na ce, "Malam, zurfinta na sani, guga ne ba ni da shi."

Keken ƙirar Rali ne, baƙi, mahaifinsa ya saya masa da ya gama kwalejin horon malamai. Kowace safiya Malam zai fito da shi tsakar gida ya goge shi da tsumma, ya matsa tayoyin ya ji iska, ya ɗiga wa sarƙa mai. Sannan ya sunkuya ya maƙala ɗan ƙarfen nan a ƙafar wandonsa, wai kada sarƙa ta kama. Daga nan ya kama kan keken ya tura shi waje, su tafi makaranta kafaɗa da kafaɗa.

Garin Jos ne ya rufa masa asiri. Daga gadar ƙasan unguwarmu har ƙofar makaranta hawa ne, kowane mai keke sauka yake ya tura, samari ma suna haki. Wa zai ga laifin dattijo? Dawowa ce gangara, to nan kuma ga Mista Idowu, malamin lissafi, wanda ke tafiya da ƙafa kuma hanyarsu ɗaya. Malam ya ce rashin ladabi ne mutum ya hau keke ya bar abokin tafiyarsa a ƙasa. Sai ya ɗaure littattafan ɗalibai a kariyar bayan keken, su gangaro suna musu a kan lissafi. In kasuwa za shi, ya ce ya ɗora kaya da yawa. In masallacin Juma'a ne, ya ce cunkoso. Bai taɓa rasa dalili ba, kuma kowane dalilin yana da kyau.

Ni kuwa na sani tun kafin a ɗaura mana aure. Sunana Hasiya, a barikin kuza na tashi, wajen Bukuru, kuma babana gyaran keke yake yi. Bai samu ɗa namiji da wuri ba, saboda haka ni ce mai gwada masa keken da ya gyara a bayan rumfa, tun ƙafata ba ta kai feda sosai. Ranar da Malam ya fara zuwa zance, ya jingine kekensa a rumfar babana. Baba ya zagaya shi, ya shafa sirdin, ya juya fedar da yatsa. Bayan baƙo ya tafi ya kira ni.

"Hasiya, tayar keken nan ta ci hanya, amma sirdin bai san mutum ba. Fedar ma ko ƙurar takalmi babu. Yaron nan bai iya keke ba."

Na fara dariya, ya ɗaga mini hannu.

"Daga Jos ya turo shi har nan don ya gan ki. Wanda zai yi wannan ba na yarwa ba ne. Ki kama bakinki."

Na kama. A zuwansa na uku har cewa ya yi wata rana zai goya ni a bayan keken nan ya zaga da ni garin Jos. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya nuna mana. Na haifi 'ya'ya biyar ina jiran ranar.

Da daminar 1978 abin ya zo masa har gida. Wata Laraba ya dawo ya jingine keke bai goge masa taɓo ba. Na kawo gwaten acca, abin da ya fi so a duniya, ya juya cokali sau biyu ya ajiye. Na kori yara waje na zauna.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau."

"To gwaten ne ba lafiya?"

Ya yi ajiyar zuciya ya ba ni labari. Wata ɗaliba ce 'yar aji uku, Theodora, mai yawan tambaya, ta ce me ya sa keke ke faɗuwa in yana tsaye amma ba ya faɗuwa in yana tafiya. Malam kuwa an taɓo inda yake so. Ya aika aka ɗauko sandar tsintsiya, ya tsayar da ita a tafin hannunsa, ya nuna musu cewa duk inda sanda ta karkata nan hannu ke binta ya shiga ƙarƙashinta. Ya ce haka mai keke ke yi, in ya karkata hagu sai ya ɗan juya kan keken hagu, tayoyin su koma ƙarƙashin nauyinsa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai keken na tafiya. Ashe sabon shugaban makarantar, Mista Pwajok, yana tsaye a taga. Bayani ya yi masa daɗi. Nan take ya ce ranar taron iyaye, nan da mako uku, Malam zai maimaita wannan darasin a gaban kowa, kuma a kan kekensa, tun da ga shi kullum yana zuwa da shi.

"To sai me?" na ce, don in ji ta bakinsa.

"Keken ya tsufa. Sarƙar ba ta da tabbas."

"Mista Pwajok zai aro maka wani."

"Kwanan nan gwiwata tana ɗan damuna."

"Gwiwar da ke hawa tudu kullum?"

Ya sake juya cokali a kwano. Na ga dai in ban taimake shi ba za mu kwana a nan.

"Malam, na san ba ka iya ba."

Ya ɗago kai a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun rumfar Baba."

Sai da ya ƙirga shekarun, na ga leɓensa na motsi. "Shekara goma sha bakwai kina kallona ina maƙala ƙarfe a wando?"

"Ina kallo."

"Ba ki taɓa dariya ba?"

"Sai ka fita."

Ransa ya ɓaci, kuma ban ga laifinsa ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito, ya sake zama. Daga baya ya gaya mini yadda aka yi. Ranar da aka kawo keken, unguwa ta taru ana sa albarka, kowa ya ɗauka mai ilimi irinsa ya iya. Ya gwada shi kaɗai a bayan gari ya faɗa kwata. Ya ce bari sai wani mako. Kafin wani makon ya zo an fara kiransa Malam, kuma kowace shekara faɗuwar Malam a bainar jama'a ƙara tsada take yi.

"Hasiya," ya ce, "yaran nan sun yarda da duk abin da na rubuta a allo. In na faɗi a gabansu da iyayensu, ko aka gane ƙarya nake yi shekara da shekaru, da wane ido zan sake ɗaukar alli?"

Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin kaina da na bar shi ya kai haka. Na ce ya ci gwatensa, ranar Asabar za mu fara.

Akwai wani fili a bayan gari inda masu haƙar kuza suka gama aikinsu suka tashi, suka bar farin yashi shimfiɗe kusa da wani kududdufi. Ba mai zuwa sai shanu. Nan muka riƙa tafiya da sassafe Asabar da Lahadi, wani lokaci da la'asar in ba hadari. Ni ina gaba da kwano ɗaure a ɗankwali kamar za ni dubiya, shi yana baya da kekensa, yana turawa kamar kullum. In mun isa sai in ɗaure mayafina a ƙugu in kama bayan sirdi.

Ban taɓa ganin ɗalibi mai wahalar koyarwa irin malami ba. Kafin ya ɗora ƙafa sai ya yi mini bayanin abin da zai faru. In ya faɗi kuma ya kwanta a yashin ya yi mini bayanin abin da ya faru. Babbar matsalarsa tsoro. Yana taka fedar a hankali kamar mai tsallake ƙwai, idonsa a kan tayar gaba, hannuwansa sun sandare. Da keken ya karkata hagu sai ya fizge kan zuwa dama don ya gudu daga faɗuwar, sai ga shi a ƙasa, ni ma wani lokaci a kansa.

A rana ta huɗu haƙurina ya ƙare. Bayana na ciwo, zanina duk yashi.

"Malam, ka taɓa ganin na yar da tulu?"

"Ban taɓa ba."

"In tulu ya karkata a kaina ba gudu nake yi daga gare shi ba. Inda ya nufa nan nake bi in shiga ƙarƙashinsa."

Ya zauna yana kakkaɓe gemu. "Ai abin da na gaya wa Theodora ke nan. Da sandar tsintsiya."

"To kanka ya sani, hannunka ne bai samu labari ba. Kuma ka daina wannan rarrafen. Kai ne fa kake tare yaran unguwa kana gaya musu gare-gare ba ya faɗuwa sai ya rage gudu. Ka ɗaga kai ka kalli dutsen can, ka taka da ƙarfi, ka bar bayani sai mun koma gida."

Ya tashi ya ɗaga keken. Shekara goma sha bakwai ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba, kuma gaskiya ta yi mini daɗi.

A mako na biyu na sake shi. Ina gudu a bayansa riƙe da sirdi, na ji keken ya daina jingina da hannuna, sai na buɗe yatsu na tsaya. Ya ci gaba shi kaɗai, babbar rigarsa na kaɗawa, yana ta magana da ni. Ina jiyo shi yana cewa, "Riƙe da kyau, Hasiya, kada ki saki." Ya yi nisa har ya kusa kududdufin kafin ya lura ba mai amsa masa. Ya daina taka feda, keken ya rage gudu, ya rage, ya tsaya, ya sa ƙafa ƙasa kamar wanda ya saba. Da ya waiwayo ya gan ni can nesa, sai ya cire hula ya riƙe a hannu, ya daɗe a haka. Ni ma na juya baya na share idona da bakin mayafi.

Da na ƙaraso, farin ciki bai hana shi halinsa ba. Ya nuna mini sawun taya a ƙasa.

"Kin ga yashin nan? Shi ke cin gudun. Abu mai tafiya ba ya tsayawa don kansa, sai wani abu ya tsayar da shi. A nan yashi ne ke riƙe tayar."

Na ce Allah ya yi wa yashi albarka. Haka muka ci gaba har mako na uku. Ya iya tashi, ya iya shan kwana, har ya iya sakin hannu ɗaya ya gyara hula. Duk sanda yake so ya tsaya sai ya daina taka feda, yashi ya ƙarasa aikin. Ni ina ta alfahari da ɗalibina, shi yana ta alfahari da kansa.

Ranar taron, Asabar ce, aka wayi gari da ruwan sama irin na Jos, mai sanyi har ƙashi. Ya ɗauke wajen ƙarfe goma. Na yi kwalliya na tafi, na zauna cikin mata a benci na biyu. A filin ƙwallo aka shirya yin abin, fili shimfiɗaɗɗe mai ciyawa, amma ruwa ya mai da shi taɓo. Sai Mista Pwajok ya sa aka jera bencina a gefen hanyar kwalta da ta taso daga ofishinsa ta gangara har ƙofar makaranta. Ƙofar a buɗe take, bayanta kuma babban titi ne inda motocin yashi ke wucewa. Daf da ƙofar, a hannun dama, akwai lambun makaranta, don lokacin gwamnati ta ce kowa ya yi noma har 'yan makaranta. Sun shuka kabeji, sun tara taki a gefe.

Aka yi jawabai, aka raba kyaututtuka, 'yan mata suka yi waƙa. Sannan aka kira Malam. Ya fito da kekensa yana ƙyalli, da sandar tsintsiyarsa. Ya yi bayaninsa da Turanci, ya maimaita da Hausa saboda iyaye. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce wannan malamin bakinsa da zuma. Ya ajiye sandar, ya maƙala ƙarfensa a wando, karo na farko da ƙarfen zai yi aikinsa a gaban mutane. Ya nemo ni da ido, na gyaɗa masa kai.

Ya hau lafiya. Ya taka sau uku, keken ya miƙe sumul, ɗalibai suka fara tafi. Ya ɗan karkata hagu ya gyara, ya karkata dama ya gyara, don a ga abin da ya faɗa. Zuciyata ta yi fari. Da ya zo daidai bencin manyan baƙi, inda ya kamata ya tsaya, na ga ya daina taka feda, ya miƙe zaune yana jira.

Nan na gane. Yashi yake jira. Mako uku ina koya wa mutumin nan keke, 'yar mai gyaran keke guda, ban taɓa ɗora yatsunsa a kan birki ba. Shi kuma da ya zana birki a allo ya fi sau ɗari, hannunsa bai taɓa matsa shi yana kan sirdi ba. Nan kuwa kwalta ce, ga gangara.

Keken ya wuce manyan baƙi, ya wuce malamai, gudu na ƙaruwa. Mutane suna ta tafi, sun ɗauka cikin shirin ne. Ni kaɗai na ga yadda wuyansa ya sandare. Na san in na buɗe baki, duk wanda ke wurin zai tambayi kansa me ya sa matar malami ke koya masa keke daga cikin benci, kuma abin da muka ɓoye shekara goma sha bakwai ya tashi a banza. Sai na ji ƙarar wata babbar mota tana hawowa a titi. Ban san sanda na miƙe ba.

"Malam, birki! Na hagu, na baya, a hankali!"

Muryata ta cika makarantar. Ya ji. Ya kauce wa ƙofar ya nufi lambu, wannan kam ya yi daidai. Amma "a hankali" ba ta isa kunnensa ba. Ya damƙe birkin duka biyu da iya ƙarfinsa, birkin da aka shekara goma sha bakwai ana gogewa ba a taɓa matsawa ba. Keken ya tsaya cak a bakin kunya. Malam bai tsaya ba. Ya tashi ta saman kan keken, babbar riga ta buɗe, ya sauka a kan tarin takin nan da ruwa ya jiƙa, hularsa ta ƙarasa cikin kabeji.

Motar ta wuce ta bakin ƙofa. Na ga ya motsa, ya zauna, ya taɓa haƙarƙarinsa, ya miƙe. Sai a lokacin na koma na zauna. Matan benci duk ni suke kallo, tsohuwar nan har da leƙo fuskata.

Mista Pwajok mutum ne mai saurin dabara. Ya ɗauki lasifika ya ce a tafa wa Malam Lukuman, wanda ya yi alkawarin darasi ɗaya ya ba da biyu, har da sadaukar da rigarsa. Aka yi dariya aka tafa. Malam ya ɗauko hularsa ya turo keken ya hawo, taki har gira. Kafin ya ce komai, yarinyar nan Theodora ta ɗaga hannu.

"Malam, me ya sa keken ya tsaya amma kai ba ka tsaya ba?"

Ya share fuska. Ko a wannan halin sai da idonsa ya yi haske.

"Saboda birki tayar keke ya kama, bai kama ni ba. Ni da keken muna tafiya tare. Aka tsayar da shi, ni ba a tsayar da ni ba, sai na ci gaba har na samu abin da zai tsayar da ni. Kun dai ga abin da na samu."

Aka sake fashewa da dariya, iyaye na gyaɗa kai. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya rufa asiri, sun ɗauka da gangan ya yi, ihuna kuma za a ce tsoro ne irin na mata. Abin da ya rage kawai ya ce na gode ya koma ya zauna.

Bai zauna ba. Ya tsaya yana juya hular a hannu, ya kalli ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai saura," ya ce. "Kullum ina gaya muku kada ku rubuta sakamakon gwajin da ba ku yi ba. To ba da gangan na faɗi ba. Mako uku da suka wuce ban iya hawa keke ba. Shekara goma sha bakwai turawa nake yi. Abin da na koya muku a kan keke gaskiya ne, amma a littafi na san shi, sai kwanan nan na san shi a jikina. Wadda ta koya mini ga ta can a benci na biyu, kun ji muryarta. Ta koya mini tafiya, ba mu kai babin tsayawa ba aka kira jarrabawa."

Na ja mayafi na rufe fuska. Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Na jira dariyar da ya shekara goma sha bakwai yana tsoro. Ta zo kuwa, amma ba irin wadda ya zata ba, don tafi ya fi ta yawa, kuma 'yan ajinsa ne suka fara miƙewa tsaye. Ana cikin haka Mista Idowu ya ɗaga murya daga bencin malamai da gurguwar Hausarsa.

"Oga Lukuman, na gode Allah. Shekara shida ni yana tafiya da ƙafa saboda kai. Babur nawa yana gida, matana yana shanya kaya a kai."

Malam ya kalle shi, ya mayar da hularsa kai. Wannan karon bai samu bayani ba.

Da aka tashi muka gangaro tare, shi yana tura keke, ni ina gefe. Warin taki na binmu. Sai da muka wuce gada, inda hanya ta kwanta kuma ba mutane sosai, na ce masa abin da ke cina.

"Laifina ne. Na manta da birki, kuma na tona ka a gaban mutane."

"Ni na tona kaina. Ke motar yashi kika hana ta tona ni."

Ya tsaya ya kwance igiyar da ke kan kariya, ya ninke tsummansa na goge keke ya shimfiɗa a kai.

"Hau."

"Malam, a titi? Da girmana? Ga ka duk taki."

"Na yi miki alkawari a rumfar Baba."

Ashe bai manta ba. Na duba gabas na duba yamma, na ga ba kowa sai wata mai tallan gyaɗa. Na ce sai ya nuna mini birkin hagu tukuna. Ya nuna. Na ce ya matsa a hankali in gani. Ya matsa. Sannan na tattare zanina na zauna a karkace, na kama rigarsa ta inda ba taki sosai.

Muka tashi da tangaɗi, keken ya yi hagu, ya bi shi, ya yi dama, ya bi shi, sannan ya miƙe. Iskar bayan ruwa ta bugi fuskata, rabona da jin ta a kan keke tun ina budurwa. Tafiyar ba ta fi daga gada zuwa bishiyar mangwaron bakin unguwa ba. Nan ya matsa birkin hagu a hankali, muka tsaya lafiya, ya sa ƙafa ƙasa.

"Mun iso," ya ce, yana haki.

Ban sauka ba.

"Garin Jos ka ce za ka zaga da ni, Malam. Juya mu koma gada."